Sunan da Na Sa wa Madakin Sarauniya

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga ka, ina jin ranar da aka ƙaddamar da littafina na farko za ta rage. Ba zan taɓa manta ta ba, kuma ba don tafi ko hotunan da aka ɗauka ba. Dalilin wani suna ne guda ɗaya, wanda na rubuta da hannuna sau ba adadi, amma da aka ce in faɗe shi a gaban jama'a bakina ya ƙi buɗuwa.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Abuja tana ta tashi, duk inda ka waiga gini ake yi, wayar hannu ta shigo har masu tasi sun fara rataya ta a wuya. Ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, sashen ajiye fayil, muna zaune a Wuse da maigidana da yaranmu uku. Rayuwa dai alhamdu lillahi, ba mu rasa komai ba. Abin da ya hana ni sakat wata sarauniya ce da kakata take ba mu labarinta muna ƙanana, wadda ta yi mulki ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan, ta ja runduna, ta kewaye garuruwa da ganuwa. Labarin da ya iso mana bai wuce yaƙi da gini ba. Ni kuwa so nake in san me take ci, wa take tsoro, da wa take hira idan ta cire sulke. Da na rasa mai gaya mini, sai na sayi littattafan rubutu na ce bari in ƙirƙira da kaina.

Shekara huɗu na yi a kai. Ina da wani hali, ba na son a kama ni da kuskure, don haka babu inda ban shiga ba. Na zauna a maƙera ina kallon yadda ake fitar da bakin mashi. Na je har Yangoji na wuni wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, don kawai in rubuta shafi biyu a kan madafin fada. Na cire tumatir daga miyar sarauniya da aka ce mini a zamaninta babu shi. Duk tsohuwar da na gamu da ita a biki ko suna, sai na tsare ta ta lissafa mini sunayen mutanen da, ina rubutawa a wani ɗan littafi da ba ya barin jakata.

Daga wannan ɗan littafin na ɗauko sunan. A labarina akwai Madaki, shugaban mahayan sarauniya, wanda ta yarda da shi fiye da kowa, shi kuma ya buɗe wa abokan gaba ƙofar gari ranar kasuwa. Ina neman sunan da zai dace da maci amana, sai idona ya faɗa kan wani mai ɗauke da ƙasƙanci, irin wanda ma'anarsa take nuna abin da aka yar. Na ce shi ke nan, na samu. Wata abokiyar aikina 'yar Filato ce take buga mini rubutun a kwamfuta lokacin hutun rana, kuma tun daga babi na biyar ta tsani mutumin nan. Takan ɗago kai ta ce, "Madam, wannan Madaki naki ba shi da kirki ko kaɗan. Ki kashe shi da wuri, yana ɓata mini rai." Jin haka nake ƙara jin daɗi, na san aikina ya kama.

Da na gama na ba maigidana ya duba. Ya riƙe shi mako guda, ya dawo mini da shi ya ce ya yi kyau ƙwarai, babu abin gyara ko ɗaya. Ni kuma da son yabo ban tsaya tambayarsa wane wuri ya fi burge shi ba. Aka kai maɗaba'a, aka buga.

Ashe rubutun shi ne mai sauƙi. Tallar ce ta nuna mini iyakata. Na yi ta loda kwalaye a tasi mai launin kore da fari ina bin shagunan littattafai na kasuwar Wuse. Wani mai shago ya jujjuya littafin ya ce da na sa hoton budurwa tana murmushi a bango da ya fi, wa zai sayi mace da takobi. Na bi ofis-ofis ina raba katin gayyata, ina zaman jiran sakatarori su ce oga yana mitin. A gidan rediyo mai gabatarwa ya tambaye ni ko maigidana ba ya tsoron matar da ta iya tsara yaƙi, na ce yana tsoro mana, shi ya sa muke zaune lafiya. A katin gayyatar na sa an rubuta cewa marubuciya za ta karanta babi na tara, babin cin amanar, don shi ne nake taƙama da shi a duk littafin.

Saura kwana uku a ƙaddamar da littafin surukina ya iso daga gida tare da ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo. Sai na ɗan tsaya a kan mutumin nan. Tsohon malamin gona ne, ba mai yawan magana ba. Mahaifina ya rasu tun ina makaranta, kuma tun da na shigo gidansu Baba ya tsaya mini a matsayin uba. Lokacin da na haifi na biyu dangi suka taso cewa in ajiye aiki, shi ya ce a ƙyale ni, maganar ta mutu a nan. Malama yake kira na. Ni kuwa shekara goma sha huɗu da aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera yana wurin ba, sunansa kuwa ko a asibiti aka tambaye ni cikakken sunan maigida kati nake miƙawa. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ina alfahari da hakan. Shi aka sa zai zauna a babban tebur a matsayin uban marubuciya. Yana sauka maigidana ya miƙa masa littafin da hannu biyu, yana ta washe baki kamar shi ya rubuta.

Washegari da hantsi muna kicin da Gwaggo, ina gyaran shinkafa tana yanka alayyahu, ta ce tun da ita ba ta karatun boko in ba ta labarin da baki. Na gyara zama na fara zuba. Ina isowa wurin Madaki na kira sunansa, sai na ji wuƙa ta faɗi a kan tire.

"Ke, rufe bakinki. Me kika ce?"

Na buɗe baki zan maimaita, ta sa hannu ta toshe mini. Ta leƙa tsakar gida, ta jawo ƙofa, sannan ta gaya mini da murya ƙasa-ƙasa. Mahaifiyarsu ta binne 'ya'ya huɗu a jere kafin a haifi Baba, kowanne ba ya kaiwa yaye. Da aka haife shi, tsofaffin gidan suka yi abin da ake yi a wancan zamanin: aka kai jaririn bayan gida aka ajiye shi na ɗan lokaci kamar ba a so, wata ta je ta ɗauko shi kamar tsintuwa, aka laƙaba masa wannan suna don a nuna ba wani abu ba ne, ko Allah ya sa ya tsaya. Ya kuwa tsaya. Da sunan ya tashi har aka sa shi makaranta, inda aka rubuta sunansa na yanka. Yanzu tsofaffin ƙauye kaɗai suka san shi da shi. Wato shekara huɗu ina kiran sunan surukina a ofis, a tasi, a maɗaba'a, ina haɗa shi da zagi, kuma na buga shi na raba wa duniya. Shi ya sa ko a nan ba za ku gan shi ba.

Na bar shinkafar na ɗauki waya na kira maigidana a wurin aiki, na tambaye shi yadda aka yi ya ga sunan mahaifinsa a kan maci amana ya ce mini babu abin gyara. Ya ce wane suna. Na ce sunan Madaki. Ya ce wane Madaki. Nan asirinsa ya tonu. Bawan Allah a babi na biyu ya tsaya, Madaki kuwa sai a na huɗu yake shigowa. Yau ina dariya idan na tuna, amma a ranar da yana kusa da ni ban san abin da zan yi masa da ludayin da ke hannuna ba.

Ya baro ofis ya dawo gida muka shiga ɗaki muna shawara. Ya ce a liƙe sunan da farar takarda. Na ce a littafi nawa, a shafi nawa, bayan kwalaye sun riga sun watsu a shaguna. Ya ce to a faki idon Baba a ɗauke nasa. Muka leƙa ta taga. Ga shi can a gindin mangwaro a kan tabarma, tabarau a kan hanci, yana bin layi da yatsa. Tun asuba littafin yake hannunsa. Ba ƙaddamarwar ce ta dame ni ba, in an so a fasa. Tsorona shi ne mutumin da ya tsaya mini ya ɗauka cewa da gangan na yi, ko kuma ya kalle ni daga ranar da wani ido dabam. Ina iya jure maganar dangi, amma ban ga yadda zan jure wannan ba.

Gwaggo ta ce babu wata dabara sai in je in durƙusa. Bayan la'asar na yafa mayafi na je, na tsaya nesa da tabarmar na durƙusa na gaishe shi. Na fara cewa akwai wata magana a cikin littafin nan da nake so in yi masa bayani. Ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Malama, kada ki ɓata mini labari. Ban kai ƙarshe ba." Na saci kallon inda ya buɗe, ya wuce babi na shida. Ya gani ke nan, ya gani ya sake gani. Na duba fuskarsa ko zan karanci wani abu, ban samu komai ba. Na tashi na koma kicin da abin da na zo da shi.

Na yanke shawara ni kaɗai. Na kira wanda zai gabatar da taron na ce na canza, babi na ɗaya zan karanta, inda babu Madaki babu dalilinsa.

Ranar Asabar da safe zauren ya cika fiye da yadda na zata. Daraktanmu ya zo da rabin ma'aikata, ga ƙawayena sun yi anko, ga ɗalibai a baya. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, wani malamin jami'a ya yi sharhi ya yaba har na fara mantawa da damuwata. Sai mai gabatarwa ya sanar cewa marubuciya za ta karanta mana babi na ɗaya. Ina miƙewa na ga Baba ya yafito shi da hannu, ya zaro katin gayyata daga aljihun babbar rigarsa ya nuna masa. Mai gabatarwa ya dawo yana murmushi ya ce uban marubuciya ya ce a kati babi na tara aka rubuta, kuma shi babi na tara ya zo ji. Jama'a suka yi tafi.

Na ce a raina shi ke nan, ya zaɓi ya hukunta ni a inda na yi laifin, kuma ba ni da bakin cewa bai kyauta ba. Na buɗe littafin. Na fara karatu, duk inda sunan ya fito sai in tsallake in ce Madaki kawai. Shafi uku na tafi a haka lafiya, ba wanda ya lura. Amma na san abin da ke jirana, tun da ni na rubuta. A ƙarshen babin sarauniya tana tsaye a kan ganuwa, tana kallon ƙofar da aka buɗe, ga Madaki a ƙasa cikin abokan gaba. Sai ta ce masa daga yau ba shi da sarauta a bakinta, da sunan da uwarsa ta raɗa masa za ta kira shi. Daga nan sai ta kira sunan sau uku. Babu yadda za a yi in ce Madaki a wurin, ita kanta ta cire masa.

Na karanta maganar sarauniya, na iso wurin, na tsaya. Zauren ya yi tsit. Wayar wani ta yi ƙara ya kashe da sauri. Na kalli maigidana, ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba.

Sai na ji an ja kujera. Baba ya miƙe, ya karɓi abin magana daga hannun mai gabatarwa, ya gyara murya.

"Jama'a, ku yi mata uzuri. Sunan da ke wurin nan sunan surukinta ne, kuma 'yar mutunci ce, ba za ta faɗa ba. Sunana ne, shi uwata ta kira ni da shi. Ba ta sani ba ta rubuta." Ya juyo ya kalle ni. "Malama, koma baya kaɗan ki sake ɗaukowa. Inda kika iso shi ki tsaya, mai abu zai faɗa."

Zauren ya fashe da dariya, har da masu buga tebur. Na koma baya na sake karanta maganar sarauniya, na tsaya. Baba ya kira sunan. Na farko da ƙarfi, yadda mai mulki zai kira, dariya ta ƙaru. Na biyu ya sassauta. Na uku kuwa a hankali ya faɗe shi, yana jan ƙarshensa yadda uwa take kiran ɗanta ya shigo gida, kuma babu wanda ya yi dariya. Na ƙarasa layi biyun da suka rage hawaye yana zuba a kan shafin, ban ko damu in share ba.

Abin da katunana da zaman jiran sakatarori ba su yi ba, minti biyun nan suka yi. Cikin mako guda labari ya zagaye ma'aikatu cewa akwai littafin da suruki ya taya matar ɗansa karantawa. Mai shagon nan da ya nemi hoton budurwa da kansa ya aiko a ƙara masa kwali.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne na washegarin ƙaddamarwar. Suna shirin komawa gida Baba ya aika a kira ni. Na durƙusa daga nesa kamar kullum na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma ba zai ɓoye mini ba, ranar farko ya ji zafi har ya ajiye littafin, sannan ya ga ba yadda za a yi in sani. Ya ce ya matsa a karanta babin ne don in an tsallake, dangi za su yi ta raɗa da maganar har bayan ransa, gara ta fito daga bakinsa a gaban kowa ta ƙare. Na ce idan za a sake bugawa zan canza sunan.

"Kada ki taɓa shi. Ba sunan ne kuskurenki ba." Ya buɗe littafin, na ga ya yi ta ja masa layi da biro. "Kin ba sarauniya uwa, kin ba ta kaka, har ƙawa kin ba ta. Madaki kuwa kin jefo shi daga sama. Kin ɗauka sunan raini ne. Sunan roƙo ne, Malama. Duk wanda kika ji da shi, uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, kuma ba ta ƙara barci mai nauyi ba sai da ya girma. Ki ba shi uwa, sannan ki gaya mana yadda ɗa irin wannan ya lalace. Da kin tambaye ni da na gaya miki."

Na ce ai kunya ce ta hana ni. Ya yi murmushi ya ce ya sani, ya nuna mini bakin tabarmar ya ce in matso.

Tafiyar da ba su yi ba ke nan sai bayan kwana uku. Kullum na dawo daga aiki sai in zauna a bakin tabarmar da biro, yana ba ni labarin mahaifiyarsa: yadda take tashi ta kara kunne a ƙirjinsa ta ji ko yana numfashi, yadda ta bi shi a ƙafa har ƙofar makaranta ranar farko ta ƙi tafiya. Maigidana ma da ya zo ya zauna, rabin labarin bai taɓa ji ba. Da aka sake buga littafin akwai sabon babi a kan uwar Madaki, kuma har yau duk wanda ya karanta littafin, a kan wannan babin yake fara yi mini magana. Baba ya rayu ya gan shi, ya kuma karanta shi har ƙarshe. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Kunya abu ne mai kyau, ban kuma daina ta ba. Sai dai na yi shekara goma sha huɗu ina girmama sunan mutum alhali ban san mutumin ba, ina durƙusa masa daga nesa ina ganin na gama biyan haƙƙinsa. Girmamawar da ba ta bar ka ka matso ka tambaya ba, wata rana ita za ta sa ka taka mutum ba ka sani ba. Yanzu ni ma na yi suruka, yarinya mai kunya sosai. Idan ta durƙusa daga bakin ƙofa nakan ce ta shigo ta zauna kusa da ni, in fara ba ta labarina tun ba ta tambaya ba.